Tafiyar Nazeefa Ta Canza

Nazeefa ba za ta iya tuna ranar da ƙafarta ta hagu ta fara kallon waje ba. Abin da ta sani kawai shi ne gwiwarta na ciwo, wani ciwo mai nauyi da yake tashi tare da ita da asuba, ya raka ta makaranta, ya rako ta gida. Shekarunta goma sha uku, tana aji biyu a ƙaramar sakandare, kuma Allah ya yi ta da jiki, irin yaran nan da 'yan aji ba sa rasa sunan tsokanar da za su laƙaba musu. Ranar da ta fara kai kuka wurin mahaifiyarta, Hajiya Bilkisu, ta same ta a falo cikin tulin leshi da atamfofin da take saro wa matan manyan ma'aikata.

"Momi, gwiwata ciwo take yi."

"Ƙiba ce," in ji Hajiya Bilkisu, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ɗauko man zafi a kan madubi ki shafa. Ki kuma rage lodin abinci, gwiwar ma ta samu ta huta."

Ta shafa man zafi har kwalbar ta ƙare, ciwo yana nan inda yake.

Shekarun nan ne da farar hula suka dawo mulki, man fetur ya yi daraja a kasuwar duniya, Abuja ta shiga kumbura ta ko'ina. Mahaifin Nazeefa, Alhaji Badaru Yelwa, mataimakin darakta ne a wata ma'aikatar tarayya, kuma bai daɗe da tarewa a gidan da ya gina a Lugbe ba: bene mai hawa ɗaya, tayil mai ɗaukar ido, baƙin get, da katangar da ta kusa kai tagogin sama. Don ɓarayi aka ɗaga katangar, amma ta iya wani aikin, domin duk ihun da za a yi a gidan nan maƙwabta ba za su ji ba. Ɗakin Nazeefa a sama yake. Matakala goma sha takwas ne, ta san adadinsu don kowace ɗaya sai ta ciji leɓe kafin ta taka.

Sai da malamar motsa jiki ta aiko da takarda cewa yarinya ta daina gudu, ɗingishi take yi, sannan Alhaji ya ware wata Asabar ya kai ta wani ƙaramin asibitin kuɗi a bakin titin filin jirgi. Likitan sauri yake yi, layi ya yi masa yawa. Ya ce ina ne ke ciwo, ta nuna gwiwa. Ya danna gwiwa, ya lanƙwasa gwiwa, ya tura a ɗauki hoton gwiwa. Ko kallon sama da nan bai yi ba.

"Oga, gwiwan nan lafiya lau yake," ya ce da hoton ya fito. "Perfect. Ciwon girma ne, ko kuma madam ba ya son makaranta."

Likita ya yi dariya, Alhaji bai yi ba. Sai da suka shiga mota ya juyo.

"Kin dai ji da kunnenki. Na'ura ba ta ƙarya. Ni da kike gani shekara bakwai na yi ina taka sayyada zuwa firamare ba takalmi, ban taɓa cewa gwiwa ba. Daga yau kada in sake ganin wannan tafiyar banzar a gidana."

Ya saka hoton a ambulan ya ajiye a ɗakinsa tare da takardun fili.

Nazeefa ta yi iya ƙoƙarinta, Allah ya sani. In za ta wuce ta gaban mahaifinta sai ta tattaro ƙarfinta ta juyo da tafin ƙafar ciki, nan take wani zafi ya tsarga mata daga matsematsi har gwiwa. Taku biyu, ƙafar ta koma inda take so. Zaman tahiya ya gagare ta, da ta zauna sai gwiwar hagu ta faɗi gefe, don haka ta koma yin salla a ɗaki ita kaɗai.

Ana cikin haka Gwaggo Zakiyya, yayar Alhaji, ta sauka daga Zariya. Ta zo ne a duba mata ido ta yi sati biyu, amma duk wanda ya san Gwaggo ya san sati biyunta ba ya ƙarewa. Idon da aka ce yana da yana shi ne bai bar komai a gidan ba, daga man da ake zuba wa miya har tsawon siket. Washegarin zuwanta Nazeefa ta kawo mata kunu, ta zo durƙusawa ta gaishe ta, ƙafar ta ƙi lanƙwasuwa, gwiwa ta buɗe gefe, sai da ta dafa kujera.

Gwaggo ta ajiye carbi.

"Ke, tashi. Koma bakin ƙofa ki sake tahowa."

Nazeefa ta koma ta taho.

"Sake."

Sau uku tana ratsa falon, Gwaggo na bin ƙafafunta da ido, Hajiya Bilkisu na tsaye da ludayi a hannu. Daga nan aka sallame ta. Ba ta kai rabin matakala ba ta tsaya hutawa, a nan ta ji komai.

"Bilkisu, kuna nan kuna ta boko da saro leshi, yarinya ta lalace a gaban idonku."

"Subhanallahi! Yaya, gwiwa ce ke damunta."

"Ba an ce an yi hoto ba?"

"An yi."

"Me aka gani?"

"Ba a ga komai ba."

"To! Ni 'ya'ya mata shida na aurar. Na san tafiyar yarinya, na san tafiyar wadda aka buɗe wa ido. Dubi yadda take ware ƙafa, dubi zamanta. Wannan ba ta asibiti ba ce. Wani ne ya yi muku ɓarna, kuma sai an matsa mata za ta faɗi sunansa."

Nazeefa ba ta gane duka ba, amma ta ji mahaifiyarta ta fashe da kuka, ta kuma san ba don gwiwarta ake kukan ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka kira ta falo. Alhaji na kan babbar kujera da babbar rigar da ya je masallaci, Gwaggo na gefensa, Hajiya Bilkisu ta raɓe a bakin kicin. A jikin ƙofa kuma babban yayanta ne, Abdulbaƙi, wanda ya gama jami'a yana jiran kiran bautar ƙasa, ba aikin fari ba na baƙi sai ɗaga ƙarfe a bayan gida. Ya murza makulli ya saka a aljihu.

"Wane ne?" in ji Alhaji.

"Wa, Daddy?"

"Kada ki raina mini hankali. Wane ne yake hure miki kunne? A makaranta yake, ko a Islamiyya, ko a layin nan?"

Sai a lokacin maganar Gwaggo ta warware a kanta. Kunya ta lulluɓe ta, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Wallahi tallahi, Daddy, ba kowa. Ƙafata ce."

Alhaji ya zaro hoton daga ambulan ya ɗaga shi saitin taga.

"Ga ƙafar taki. Taso ki nuna mini ciwon."

Ta kalli fararen ƙasusuwan nan biyu da aka ce nata ne. Ba ta san abin da za ta nuna ba.

Alhaji mutum ne wayayye. Ya sha faɗa a ofis cewa shi bai taɓa ɗaga wa 'ya mace hannu ba, kuma gaskiya ya faɗa, ai yana da Abdulbaƙi. Kai kawai ya gyaɗa. Abdulbaƙi ya ɗauko ragowar wayar wutar da masu aiki suka bari, ya ninka ta biyu. Ta farko ta sauka a gadon bayanta, ta ji kamar an ɗora mata dutsen guga. Ta biyu ta naɗe mata hannu ta fasa fata. Ta yunƙura za ta gudu, ƙafar ta ci amanarta, ta kife a kan tayil, ya taka mata gefen hijabi ya ci gaba da zuba mata ta ko'ina, cinya, ƙafa, wuya. Tana kiran Momi, tana kiran Daddy, tana kiran sunan Allah.

"Ban da fuska," in ji Gwaggo. "Mace ce."

Ya yi ashirin ko ya fi kafin Alhaji ya ɗaga hannu. Aka sake tambaya, ta sake cewa ƙafarta ce.

"Taurin kai ne da ita," Gwaggo ta ce. "Za ta faɗa. Na ga waɗanda suka fi ta."

Daga ranar aka cire ta daga Islamiyya. Makarantar boko Abdulbaƙi ne ke kai ta har bakin aji ya ɗauko ta, cikin riga mai dogon hannu da safa har gwiwa. Sannan Gwaggo ta kawo shawarar da ta fi duka muni. Ta ce ko sunan bai fito ba, dole a gyara tafiyar tun kafin mutanen unguwa su karanta abin da ita ta karanta. Kullum da safe kafin a karya, Abdulbaƙi zai tsayar da Nazeefa a dogon barandan ƙasa, ya nuna mata layin da ke tsakanin tayil da tayil, ya ce ta bi shi ƙafa a miƙe daga wannan bango zuwa wancan, sau goma. Duk takun da ya kauce, waya ɗaya a ƙwauri. Babu ranar da ba ta kauce ba, domin ƙafar ba umarninta take bi ba. Da rana kuma in za ta zauna, Gwaggo ta haɗe mata gwiwoyi biyu ta ɗaure da ɗankwali tamau, ta ce haka 'ya'yan mutunci ke zama. Nazeefa ta zauna gumi na tsatsafo mata, tana jin wani abu can cikin kwatangwalonta yana murɗewa.

Kowa a gidan yana da hujjarsa. Alhaji ya ce discipline ne, sunan da ya shekara talatin yana ginawa ba za a rusa masa shi a rana ɗaya ba. Abdulbaƙi ya ce shi sa shi aka yi, kuma wata rana za ta gode masa. Gwaggo ta ce ita ba ta da wata riba, zumunci ne ya sa ta magana. Hajiya Bilkisu kuwa ita ce mai hawowa sama da ruwan zafi da tsumma bayan an gama, tana gasa mata shatin waya tana hawaye.

"Ki faɗa kawai, Nazeefa, kowa ya huta. Ni ce na haife ki, ba zan bari a kashe ki ba."

"Momi, wallahi ƙafata ce. Yanzu ma har nan sama yake yi."

"To hoton fa? Likita zai yi miki ƙarya ne?"

A sati na biyar Nazeefa ta fara tunanin ba su sunan da suke nema. Ko wane ne ma, in dai za a daina. Ta lissafa mazan da ta sani, ba su fi a ƙirga da yatsu ba, sunan da ya fi sauƙi shi ne na Mista Leonard, malamin lissafinsu, don shi kaɗai ne ya taɓa tsayar da ita ya tambaye ta me ya sami ƙafarta. Sunan ya zo har bakinta wata safiya a baranda. Sai ta tuna yadda yake zuwa makaranta a tsohon babur da 'yarsa ƙarama a gaba, ta kuma kalli damtsen Abdulbaƙi. Ta haɗiye sunan, ta karɓi waya bakwai a ranar.

Wata na huɗu da fara ciwon aka yi wa Alhaji ƙarin girma zuwa darakta. Ranar Asabar abokan aiki da matansu suka cika falo taya murna. Tun da safe aka ja wa Nazeefa kunne: za ta fito da tiren lemo sau ɗaya, ta gaishe da baƙi, ta koma, kuma ƙafa a miƙe. Ta ɗauko tiren, ta ciji leɓe, ta yi taku shida lafiya. A na bakwai ƙafar ta saki. Kofuna suka tarwatse a kan tayil, lemo ya fallatsa a shaddar wani babban sakatare.

"Ayya, sannu 'yata," in ji matar wani daga cikin baƙin. "Hajiya, me ya sami yarinyar nan take tafiya haka?"

"Sangarta ce kawai," Hajiya Bilkisu ta ce da murmushin da bai wuce leɓe ba.

Motar ƙarshe na fita, get na rufuwa, Alhaji ya cire hula ya jefar a kujera.

"Da gangan ta yi. So take ta tona mini asiri a gaban mutane. Abdulbaƙi, fita da ita."

Ya ja ta har tsakar gida, rana tsaka, siminti ya ɗau zafi. Ya ce ta kama kunne ta yi tsallen kwaɗo daga get zuwa tankin ruwa. Ta gwada tsugunawa, ta kai rabi, ƙafar ta cije.

"Yaya, ba ta lanƙwasuwa. Don girman Allah, Yaya."

"Za ta lanƙwasu yau."

Ya dafa kafaɗunta da hannu biyu ya danna ta ƙasa da duk ƙarfin da ya tara a bayan gida. Ta ƙwalla ƙara ta karkace gefe. Ya ɗauka gardama ce, ya ja baya ya haure ta da takalmi a kwatangwalon hagu. Nazeefa ta ji ƙarar a cikin jikinta kafin ta ji zafin, ƙas, kamar an karya rake. Sannan zafin ya iso. Ihun da ta yi ya sa shi kansa Abdulbaƙi ja da baya. Fitsari ya kufce mata, ta ga rana ta yi baƙi.

Da ta farfaɗo, Alhaji na tsaye a inuwar baranda.

"Kada wanda ya ɗaga ta. Da ƙafarta za ta tashi. Na gaji da wasan kwaikwayo."

Haka ta wuni a kan simintin nan, ƙudaje na bin ta. Duk numfashin da ta ja sai ta ji shi a ƙashi. Sai da aka kira magariba Hajiya Bilkisu da Gwaggo suka mirgina ta kan tabarma suka ja ta zuwa ɗakin baƙi. Gwaggo ta ce targaɗe ne, ta kama ƙafar ta fizga don ta koma, Nazeefa ta sake suma.

Da gari ya waye Hajiya Bilkisu ta yaye zanen da aka rufa mata, ta ga tafin ƙafar hagu kwance a gefe ɗaya, ƙafar kuma ta fi 'yar'uwarta gajarta a fili. A karon farko ta ɗaga wa mijinta murya.

"Alhaji, wallahi in ba ka kai ta ba zan fita titi in tari tasi!"

Akwai asibitoci kusa, amma duk akwai wanda ya san shi a can. Ya zaɓi babban asibiti a Gwagwalada, mai nisa, inda 'yan ofis ba sa zuwa. Aka kwantar da ita a kujerar baya, kanta a cinyar mahaifiyarta. Duk ramin da taya ta faɗa sai ta yi ƙara. Sun wuce mahaɗar Giri ya kalle ta ta madubi.

"A bayi kika zame. Kin ji ko? Me ya same ki?"

"A bayi na zame, Daddy."

Likitar ƙashin da ta karɓe su, Dakta Christiana, gajeriyar mace ce mai furfura a goshi, Hausarta irin ta Abuja, ba ruwanta da mace ko namiji. Ta ɗaga rigar Nazeefa don ta duba, ta ga abin da ke bayanta da ƙwaurinta, sabo a kan tsoho. Ta sauke rigar. Alhaji ya miƙa mata ambulan ɗinsa.

"Dakta, mun riga mun yi hoto. Ba a ga komai ba."

Ta zaro ta duba ta mayar masa.

"Wannan gwiwa ne. Ciwon ba a nan yake ba."

Ta sa aka yi wa Nazeefa allurar kashe zafi, aka gangara da ita ɗakin hoto. Bayan awa ɗaya ta tara su a ofishinta, Nazeefa na kwance a gadon turawa inda take iya hango allon haske a bango. Dakta ta maƙala hotuna biyu, ta ɗauko rula da fensir.

"Alhaji, shekara biyu ke nan ina wani bincike. Ina auna kwatangwalon yara masu lafiya, daga shekara goma zuwa sha takwas, don mu san yadda ƙashin yaranmu yake in babu ciwo. Na auna fiye da ɗari uku. Wannan na farko na wani yarinya ne sa'an 'yarka, lafiyayye. Ka ga kan ƙashin cinya, kamar ƙwallo, yana zaune cikin kwano? A yaro da bai gama girma ba, ƙwallon bai manne da wuyan ƙashin ba. Wannan baƙin layi guringuntsi ne, shi ke riƙe shi, sai wajen shekara sha biyar, sha shida zai haɗe."

Ta ɗora rula a gefen wuyan ƙashin ta ja layi. Layin ya ratsa gefen ƙwallon.

"Duk yaro mai lafiya da na auna, haka layin yake yi. In ya karkace ma, bai wuce digiri goma. Yanzu ga na 'yarka. Ɓangaren dama, ka gani, daidai yake da na kowa." Ta matsar da rular hagu ta ja layi. Layin ya wuce ta sama bai taɓa komai ba. Ƙwallon na can ƙasa ta baya, ya rabu da wuyansa. "Wannan ya wuce sittin. Ƙwallon ya zame. Yana samun yara masu jiki a wannan shekaru, ba laifin kowa ba ne. Jijiya ɗaya ke zuwa kwatangwalo da gwiwa, shi ya sa yaro zai ce maka gwiwa. Kuma in ya fara zamewa, ƙafa dole ya juya waje, dole ya buɗe in ya zauna. Ko da sarƙa ka ɗaure ba zai miƙe ba."

Hajiya Bilkisu ta toshe bakinta da mayafi. Alhaji ya gyara tsayuwa.

"To, ai sai a gyara. Ko nawa ne."

"Ban gama ba." Dakta ta nuna wani wuri da bakin fensir. "Nan ƙashi ya yi ta ƙoƙarin gyara kansa. Wannan aikin wata uku ne ko huɗu, yana zamewa kaɗan kaɗan. Da a lokacin kuka zo, ƙusa ɗaya zan sa, sati shida ya koma makaranta, ya yi gudu, ya yi komai. Amma nan sabo ne, na jiya. Ƙarfi ne ya ɓalle shi gaba ɗaya, kuma ta nan jijiyoyin jini suke bi su ciyar da ƙwallon. Me ya faru jiya?"

"A bayi ta zame."

"Alhaji, bayi ba ya bulala."

"Dakta, wannan family matter ne."

Ta ce su fita dukansu. Ta jawo kujera kusa da gadon, ta riƙe hannun Nazeefa, ta tambaye ta a hankali wa ya yi mata haka. Nazeefa ta ce a bayi ta zame. Daga baya wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta zo ta tambaya, amsar ba ta canza ba, don ta san gidan da za ta koma. Abu ɗaya kawai ta roƙi Dakta.

"Anti, don Allah ki rubuta wa Daddy a takarda cewa ƙashi ne. Ki sa hannu. In a takarda ne zai yarda."

Dakta Christiana ta juya baya ta daɗe tana gyara hotunan da ba su buƙatar gyara.

Awa huɗu aka yi a tiyata. Washegari da hantsi Dakta ta zo zagaye, ta tsaya a bakin gado ta faɗa musu gaskiya a gaban yarinyar. Ta mayar da ƙwallon mazauninsa, ta kafe shi da ƙusa. Amma kafin ta rufe ta huda shi da siririn ƙarfe don ta ga ko zai yi jini, ta jira, ko ɗigo bai fito ba. Ƙashin da jini ba ya kai masa mutuwa yake yi, ya lotse a hankali. Nazeefa za ta tashi, amma da sanda, ƙafar za ta gajarce, ciwon kuma zai zauna da ita har ta girma a sa mata gaɓar ƙarfe. Gudu dai an gama.

Wata huɗu yarinyar nan tana faɗar gaskiya da bakinta, da tafiyarta, da zamanta, a gidan da ke da digiri uku da motoci biyu, a garin da asibitoci suka fi kasuwanni yawa. Ba talauci ne ya gurgunta ta ba, ba kuma rashin likita ba. Mutane huɗu ne da suka ga 'yarsu tana ɗingishi, tunaninsu ya tafi wurin abin da duniya za ta ce kafin ya zo wurin abin da ke yi mata ciwo. Abin takaici ne, kuma ba gidan Alhaji Badaru kaɗai ba ne.

Da la'asar Abdulbaƙi ya kawo Gwaggo dubiya. Ya ajiye ledar tuffa a kan loka, ya ce "Ya jiki?" yana kallon silin, ya koma bakin ƙofa. Gwaggo ta zauna da kular farfesu a cinya, ta kalli ƙafar da aka naɗe, ta girgiza kai ta ce ƙaddara ta riga ta rubuta. Sannan ta matso kusa da Hajiya Bilkisu ta rage murya, irin rage muryar da duk ɗakin ke ji.

"To, wancan zancen fa?"

"Babu shi, Yaya. Likita ta rubuta ta sa hannu. Ƙashi ne tun farko, shi ya juya mata ƙafa."

"Kin tabbata?"

"Ga takardar nan a hannun Alhaji."

Alhaji ya taɓa aljihun gaban rigarsa ya gyaɗa kai. Gwaggo ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, fuskarta ta washe, ta ɗaga tafukanta sama.

"Alhamdu lillahi! Kai, Allah mun gode maka da ka rufa mana asiri. Ashe ƙafa ce kawai."

"Alhamdu lillahi," in ji Alhaji, ya yi murmushin da Nazeefa ta yi wata huɗu ba ta gani ba.

Gwaggo ta ja doguwar addu'a, Allah ya ƙara tsare zuri'a daga abin kunya. Alhaji ya shafa, Hajiya Bilkisu ta shafa tana hawaye, Abdulbaƙi ma daga bakin ƙofa ya shafa. Hannayen Nazeefa suna nan kwance a kan zanen gado.

"Ke," in ji Gwaggo, "ba za ki ce amin ba?"

Nazeefa ta kalle su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta juya fuskarta bango.